Cefanen Gida Biyu

"Hani... man nan ya ƙare ne?"

Ummuhani ba ta ɗago ba. Tana durƙushe gaban murhun gawayi tana fifita da marfin tukunya, hayaƙi na shiga idonta. Ta ji lokacin da mijinta Hudaifa ya ɗaga galan ɗin ya girgiza, ta kuma ji lokacin da ya ajiye shi a hankali, irin ajiyewar mutumin da ke danne ɓacin rai.

"Akwai saura a ƙasa," ta ce.

"Wannan ko ƙwai ba zai soya ba. Farkon wata fa na sayo shi, yau ko rabin wata ba a yi ba. Na leƙa buhun shinkafa, ita ma ta koma gindi. Mu biyu ne a gidan nan, Hani. Mu biyu kawai."

"Na sani."

"To ina abincin yake tafiya?"

Ta ci gaba da fifita, alhali wutar ta riga ta kama.

Ya zauna bakin ƙofa yana sa takalmi. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka, gajiya ce kawai a cikinta.

"Ban ce kina almubazzaranci ba..."

"Ka ce mana."

"Ki saurare ni. Kayana suna can iyakar Kamaru, motocin sun tsaya, babu wanda ya san ranar da za su taso. Shago ya zama fayau. Ga haya, ga Inna a Maraɗi tana jiran abin da zan aika. Don Allah ki riƙa lura da hannunki."

Ya ajiye kuɗin cefane a gefen tabarma. Tun daga inda take ta ga bai kai na kullum ba. Ya fita bai ko taɓa shayinsa ba.

Sai da ta daina jin takunsa, sannan ta zauna dirshan a ƙasa ta jingina kanta da bango. Safiya ce, amma jikinta ji yake kamar ta wuni tana daka.

*

A dalilin takalmi suka haɗu.

Mahaifinta, Malam Badaru, tsohon direban babbar mota ne da ya yi shekaru yana bin hanyar Bangui zuwa Duwala. Ciwon suga ya sauke shi daga mota, ya dusashe masa ido, ya kumbura masa ƙafa. Ranar da ta je titin Koudoukou neman masa takalmi mai taushi, da guntun zare ta je, wanda ta auna tsawon ƙafarsa da shi. Mai shagon, Hudaifa, wani dogon saurayi da bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, ya karɓi zaren yana dariya. Ya yi dariyar Hausarta ma, wadda rabinta Sango ne, yaren mutanen Bangui, don a nan Bangui, a unguwar Kilomita Biyar, aka haife ta, kuma mahaifiyarta 'yar asalin ƙasar ce daga mutanen bakin kogi.

Takalmin bai shiga ba, ta mayar. Wanda ya canza mata ma bai shiga ba. Daga ƙarshe ya zuba takalma a buhu ya bi ta har gidansu a unguwar Kokoro, ya durƙusa gaban tsohon yana gwada masa da hannunsa. A ranar ta san inda zuciyarta ta faɗa.

Satin farko na aurensu, a wannan ɗaki da falon da ya kama musu bayan babban masallaci, sun zauna sun tsara yadda za su riƙe gidansu. Shi zai riƙa sayo shinkafa da mai da gawayi a farkon wata, kullum safe kuma ya ba ta na kayan miya. Nama ranar Juma'a. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, babu zancen ajiye dafaffe, sai dai a dafa daidai ciki. Ta koya masa cin gozo, tuwon rogon mutanen Bangui, da miyar ganyen rogo da ake ce wa ngunza. Shi kuma ya koya mata yadda Innarsa ke kaɗa miyar kuka. Sun yi dariya sosai a satin nan.

Abu ɗaya ne ba su sa a lissafi ba, shi ne tsohon da ta baro a Kokoro.

Mahaifiyarta ta rasu tun tana budurwa. Yayanta Hussaini ya tsallaka Kamaru a shekarun tashin hankali, bai dawo ba, sai ɗan abin da yake turowa jefi-jefi. Ita ce ke dafa wa Baba tun da ta iya ɗora tukunya. Da aure ya zo, ya ce ta tafi abinta, zai riƙa saye a bakin titi. Sati biyu da tarewarta ta je gaishe shi ta tarar da shi da busasshen burodi da shayi mai sukari, ƙafarsa ta yi suntum. Likita kuwa ya riga ya hana shi burodi da gozo da shinkafa mai yawa. Wake aka ce, da ganye, da kifi.

Washegari ta fara kai masa kwano.

Ta so ta gaya wa Hudaifa. Amma ranar walimarsu, tana bayan labule, ta ji abokin cinikinsa Idrisu yana ce masa, "Ka yi hankali da matan garin nan. Ɗaya za ka aura, ka wayi gari kana ciyar da danginta kaf." Hudaifa ya yi dariya ya ce tasa ba haka take ba. Wannan dariyar ce ta ɗaure mata baki. Ta ƙudura a ranta ba za ta taɓa bari Idrisu ya yi gaskiya ba.

Sai ta koyi dabaru. Ba ta shiga kasuwa sai rana ta take, lokacin da masu ganye suka fara tsoron kayansu zai yi yaushi. Kan kifi busasshe take saye, da gutsattsarin da ya farfashe a gindin kwando. Tana jiƙa wake tun asuba don kada ya ci gawayi. In ta sauke tukunya, ta yayyafa wa garwashin ruwa ta shanya don gobe. Akwai wata mai wake da suka saba, tana kai mata shinkafa a ƙullin leda ta musanya mata. Girki biyu take yi a murhu ɗaya: na mijinta, wanda take kai masa shago, da na Baba, wanda take ɗauka a ƙafa har Kokoro, don kuɗin moto, wato babur ɗin haya, zai sayi tumatir.

Haka aka yi watanni. Amma a ranar da Hudaifa ya rage kuɗin cefane, ta juya su a tafin hannunta, ta juya, ta ga babu wata dabara da ta rage. Kwano uku ba za su fita ba. Biyu ne za su fita.

Ta cire nata.

*

Damina ta kankama. Jar laka ta cika lungunan unguwa, gawayi ya yi tsada saboda jiƙa, motocin Kamaru shiru. Ummuhani ta koma kankare ƙanzo da rana, ta sha ruwa a kai. Da yamma in sun zauna cin abinci, sai ta riƙa tura lomar gefen Hudaifa.

"Ba kya ci, Hani."

"Na ci da rana, sheri," ta ce, da kalmar Faransanci da take kiransa da ita, wato masoyi. "Ɗanɗane-ɗanɗanen girki ma ya ƙosar da ni."

Ya dube ta, kamar zai ce wani abu, sai wayarsa ta yi ƙara. Maganar kaya ce. Kullum maganar kaya ce.

Wata Talata ta isa Kokoro da kwano a ɗaure cikin ɗankwali. Gidan Baba babba ne, ɗakuna a jere, amma duk a rufe suke tun da mutanen gidan suka watse. Ta same shi a inuwar mangwaro kan tsohuwar kujerar mota da ya ciro ya ajiye a tsakar gida.

"Uwata ce?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Ni ce, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Yau tafiyarki ta yi nauyi. Tun daga zaure nake jin kina jan ƙafa."

"Laka ce."

Ta buɗe masa wake da ganye, ta miƙa masa ruwan wanke hannu. Wajen karɓa, hannunsa ya sauka kan tsintsiyar hannunta. Bai saki ba. Ya shafa ƙashin da babban yatsansa, ya tura awarwaronta, ya ji ya zame har kusa da gwiwar hannu.

"Me kika ci yau?"

"Na ci a gida."

"Me kika ci, na ce."

"...Shinkafa."

"Da wace miya?"

Cikinta ne ya amsa, da wani dogon kuka da ko kurma zai ji.

Tsohon ya saki hannunta.

"Uwata, mijinki ya san da kwanon nan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki."

"Baba, ka ci tukuna, zai huce..."

Ya lalubi marfin ya rufe kwanon.

"Ni na ɗauka shi yake aikowa. Duk sallar da na yi sai na sa masa albarka, ina cewa Allah Ya ba ni surukin da ya fi ɗan cikina. Ashe abin da mai shi bai sani ba nake ci. Ashe kuma naman jikinki nake ci."

"Baba, don Allah..."

"Ɗauki ki mayar. Kada ki sake kawo mini komai sai da bakin mijinki. Ban aurar da ke don ki zama ɓarauniya a ɗakinki ba."

Kalmar ta soke ta. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana roƙo, Hausa ta ƙwace mata ta koma Sango, yaren da take kuka da shi. Ya juya fuskarsa wajen bango, amma ta ga gemunsa yana rawa.

Ta ɗaure kwanon ta fito. Kafin ta kai titin Koudoukou ruwa ya sauko. Ba ta fake ba, ba ta da ƙarfin neman mafaka.

*

Ƙofar ɗakinsu a buɗe take. Hudaifa yana zaune a falo, ya dawo da wuri don babu abin sayarwa. Ya dube ta, jiƙe sharkaf, ya dubi ƙullin da ke hannunta.

"Daga ina?"

Ta ajiye kwanon a gabansa ta kwance ɗankwalin. Ba ta da sauran ƙarya a bakinta.

"Daga Kokoro. Abincin Baba ne. Kullum nake kai masa, tun bayan tarewata. Man da kake nema da shinkafar, can suke tafiya. Yau ya gane ba ka sani ba, ya koro ni da shi."

Ya buɗe kwanon ya kalli waken. Ya rufe.

"Tun bayan tarewarki."

"E."

"Duk faɗan da nake yi, ina ganin kamar ba ki iya riƙon gida ba, kina ji kika yi shiru."

"E."

"Me ya sa?"

"Na ji abin da Idrisu ya gaya maka ranar walima."

Ya yi wata gajeriyar dariya da babu daɗi a cikinta.

"Idrisu. Wato maganar Idrisu kika riƙe, ni ba ki riƙe tawa ba. Ni da na durƙusa na sa wa tsohon nan takalmi da hannuna, ni ne zan hana shi kwanon wake?"

"Ba hana shi za ka yi ba. Za ka bayar, ka kuma riƙa tunawa."

Ya tashi ya ɗauko mata zani busasshe ya yafa mata a kafaɗa. A nan ne hannunsa ya ji abin da idonsa ya kasa gani duk kwanakin nan.

"Subhanallahi... Hani, ina jikinki ya tafi?"

Ya koma ya zauna, ya dafe kansa da hannu biyu.

"Ni ma akwai abin da ban gaya miki ba," ya ce can. "Mai gidan nan ya ce zai ƙara haya. Inna kuma ta matsa in dawo, ta ce ƙanin mahaifina zai ba ni gefe a rumfarsa. In wata ya mutu kayan nan ba su iso ba, ba ni da abin da zan riƙe mu da shi a garin nan. Komawa Maraɗi za mu yi."

Ta ɗago ta dube shi.

"Baba fa?"

"Ban sani ba."

"Ba ya gani sosai, sheri. Ba shi da kowa. In na tafi, burodi zai koma ci har ya kashe shi."

"Ni ma uwa gare ni, Hani."

"Na sani."

"To ki gaya mini yadda zan yi. Wallahi na gaji. Na gaji da lissafi, ko barci nake yi lissafi nake yi."

"Ni ma na gaji."

Babu wanda ya ɗaga murya. Ruwa na dukan kwanon rufi, su biyu suna zaune da abinci a tsakaninsu yana hucewa. Daga baya ya tura mata kwanon, ya sa mata cokali a hannu.

"Ci."

"Na Baba ne."

"Ci, na ce. Gobe ni zan kai masa da kaina."

Ta ci tana hawaye, yana kallonta har ta cinye.

*

Ya cika alkawari. Washegari shi ya ɗauki kwanon zuwa Kokoro, ya dawo ya ce Baba ya karɓa. Bai ƙara komai a kai ba. Kwano uku suka koma fita daga tukunyar, amma kowanne bai kai rabi ba, nama kuwa aka daina zancensa. Maganar Maraɗi tana nan rataye a ɗakin, babu mai taɓa ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ummuhani tana tsince ganye ta ji sallama da muryoyi biyu. Ta leƙo ta ga Hudaifa riƙe da hannun Baba yana tsallakar da shi kwata. Tun da aka kawo ta, mahaifinta bai taɓa taka gidan nan ba, kuma ta san ba ƙaramin abu ne zai kawo uba ɗakin 'yarsa ba.

Ta shimfiɗa masa darduma, ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofar madafa inda za ta ji komai. Hudaifa ya zauna can nesa a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Malam Hudaifa," Baba ya fara, "ranar ɗaurin aure na ce maka ba na neman komai a wurinka sai ka riƙe ta da amana. Yau na zo neman wani abu."

"Allah Ya sa ina da shi, Baba."

"Kana da shi. Na ji kana shirin komawa gida. Ba zan hana ka ba, matarka ce, inda ka sa ƙafa nan za ta sa. Amma kafin ka yanke, ka ji wannan. Ina da ɗakuna a Kokoro, ɓeraye ne ke kwana a ciki. Kai kuma kana nan kana zuba wa wani kuɗin haya, yarinyar nan tana hura wuta sau biyu tana taka laka da kwano. Ku dawo can. Abin da kake ba mai gida, ka sa shi a tukunya."

Hudaifa bai ɗago ba. Ummuhani tana ganin yadda jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baba... a wurinmu, namiji ba ya zama gidan surukinsa."

"A wurinmu ma haka ne. Kakana daga Katsina ya zo, ban manta ba. Ka ɗauka ni daɗi nake ji, in zo ɗakin 'yata ina roƙon mijinta? Tun daga masallaci ƙafata ke cewa in koma." Ya numfasa. "Ba alfarma nake maka ba, kai za ka yi mini. Tsoro nake ji, ɗan nan. Ina tsoron in mutu a gidan can sai wari ya sanar da maƙwabta."

Ummuhani ta toshe bakinta da gefen zani.

"Ka yi shawara," tsohon ya ce, yana laluben sandarsa. "In ka ce a'a, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Bayan Hudaifa ya sa shi a moto ya dawo, ya tsaya a tsakar ɗaki kamar baƙo.

"Ke kika sa shi?"

"Wallahi ban san zai zo ba."

"Kin san abin da za a ce da ni a kasuwa? Za a ce mace ta aure ni ta kai ni gidansu. Idrisu kaɗai ya ishe ni. Inna kuwa in ta ji..."

"Ba zan roƙe ka ba, sheri. Na riga na yi maka laifi ɗaya. In ka ce Maraɗi, zan haɗa kayana." Muryarta ta karye. "Sai dai ban san wace za ka kai can ba, don rabina a nan zai zauna."

Ya daɗe yana kallonta. Ya fita da wayarsa, ta jiyo shi a bayan ɗaki yana magana da Innarsa, yana ta "Ki yi haƙuri, Inna... a'a, ba haka ba ne... ki yi haƙuri." Da ya dawo idonsa ya yi ja.

"Me ta ce?"

"Ta ce in yi abin da na ga dama, tunda na girma. Ta kashe wayar."

Ya zauna kusa da ita, ya jingina kansa da kafaɗarta, abin da bai taɓa yi ba.

"Sharaɗi biyu gare ni. A fasa mini ƙofa ta gefen lungu, in riƙa shiga da fita ta kaina. Abincin gidan kuma duka a wuyana yake, ko gishiri ban yarda Baba ya saya ba. Na uku..."

"Ka ce biyu."

"Na uku naki ne. Duk ranar da cefane bai isa ba, ki gaya mini da bakinki. Ko faɗa za mu yi, mu yi."

"Na yarda."

"Mbi ye mo," ya ce a hankali, da karyayyen Sangonsa na kasuwa. Ina sonki. Duk da nauyin da ke ƙirjinta sai da ta yi murmushi.

*

Ƙarshen wata suka tashi. Kayan ba su da yawa, kurar turawa ɗaya ta kwashe su. Idrisu ya yi abin da aka san zai yi, har ya laƙaba wa Hudaifa suna a layin masu takalma. Inna ta daina ɗaukar waya, sai ƙanwarsa ke karɓar saƙo. Motocin Kamaru sun iso daga baya, rabin kayan ruwa ya taɓa su.

A gidan Kokoro, mazan biyu suka riƙa kewaye juna. Hudaifa ya gaida Baba da safe daga nesa a durƙushe, ya fice ta ƙofarsa. In ya dawo ya shige ɗaki. Ba ya cin abinci inda tsohon zai ji motsin bakinsa, ba ya dariya da ƙarfi, ko sunan matarsa ba ya kira a tsakar gida. Ummuhani kuwa aikin gyaran ɗakunan da suka shekara a rufe ya sauka a kanta: shara, wanke bango, toshe ramukan ɓera, ɗebo ruwa.

Wata Lahadi da la'asar ta ɗora wake da busasshen kifi, ta zauna a ƙofar madafa ta jingina da bango don ta ɗan miƙe bayanta. Ba ta san lokacin da barci ya sace ta ba.

Raɗa ce ta farkar da ita. Ba ta buɗe ido ba.

"Malam Hudaifa... Malam Hudaifa. Zo, waken nan yana kamawa, ina jin ƙaurinsa."

Ta ji ƙarar ƙofa, ta ji takun mijinta da sauri.

"Bari in tashe ta, Baba."

"Kada ka soma. Ɗauko ruwa a randa. Kaɗan fa. Zuba ta gefe, kada ka juya, in ka juya ƙaurin zai bi ko'ina."

Ta ji tukunyar ta yi cuu.

"Yanzu janye gawayi biyu."

"Da me?"

"Da cokali mana, da hannunka za ka ɗauka?"

Ta ji Hudaifa ya ja iska ta haƙora, alamar ya ƙone. Tsohon ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Ashe Baba kun iya girki?"

"Shekara nawa na yi ina dafa wa kaina a ƙarƙashin mota? Wake ne abincin direba. Ta sa gishiri?"

"Ban sani ba."

"Ɗanɗana."

"Ni bakina ba ya ganewa, Baba. Sai dai ku."

Ummuhani ta ɗaga fatar idonta kaɗan. Mijinta yana durƙushe gaban mahaifinta, ya ɗebo romon a ludayi yana hura masa, ya tara ɗaya hannun a ƙasa don kada ya zuba a rigar tsohon. Baba ya kurɓa ya tauna baki.

"Ta sa. Ya nuna ma. Sauke."

Ta mayar da idonta ta rufe. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinta, ta bar shi, don in ta share za su san ta farka.

Ta ji an sauke tukunya, ta ji ƙarar kwanoni.

"Wanne ne naku, Baba, in fara zuba muku?"

"A'a. Nemo babban. Zuba mata nata tukuna, ka sa mata tsokar kifin, ka rufe da kyau kada ya huce. Abin da ya rage ka juye mana a ɗaya, ka kawo nan inuwa."

"A ɗaya, Baba?"

"Wa zai wanke biyu? Ka ga mai wankewar tana barci."